Tun ranar gini ake zane

Gaya gari ne da hanya ta raina. Tun da aka gina gadar da ta haɗa shi da Malanville a shekarar 1958, mafi yawan abin da jiragen ruwa ke sauke wa Nijar a tashar Kotonu ta nan ya riƙa shigowa. A da jirgin ƙasa ne ke kawo kayan har Paraku, kilomita 438 daga bakin teku, inda dogo ya ƙare, sa'an nan kamiyo ya ɗauka ya ƙetaro kogin Isa ya nufi Dosso da Yamai. Ga kuma Kamba ta jihar Kebbi can gabas, kusa ƙwarai. Garin da ke tsakanin iyakoki biyu irin wannan ba ya rasa makanikai da masu walda da masu faci da masu fenti, domin motar da ta yi sama da kilomita 700 daga Kotonu ba ta isowa sai da wani ciwo a jikinta.

A cikin waɗannan sana'o'i akwai wata ƙarama da ba a cika lura da ita ba, wato jan siririn layin nan na ado da ke bin gefen mota tun daga fitilar gaba har ta baya, wanda Faransawa ke kira «filet». Faɗinsa bai wuce milimita biyu ko uku ba, shi ya sa sunan zare ya dace da shi. Wani a ja masa guda ɗaya ruwan zinariya a kan baƙar Mercedes, wani biyu, ja da shuɗi, a kan farar Hiace ta haya, don fasinja ya shaida motarsa tun daga nesa a cikin tasha. Aikin jan zaren kansa bai cika ɗaukar fiye da awa ɗaya ko biyu ba. Abin da ke gabansa kuwa, wato wanki da kankara da gugar fentin da zaren zai hau, yana iya cin yini biyu cur. A kan waɗannan yini biyun ne ake samun saɓani tsakanin mai mota da mai fenti, kuma a nan ne ake bambanta gwani da ɗan ci-da-gaggawa.

Akwai wani dattijo mai wannan sana'a a wata rumfar kwano da ke gefen hanyar gada. Ya koyi rubutun allunan shaguna tun yana yaro, daga baya ya yi shekaru a Najeriya a wuraren da ake ƙera wa manyan motoci bodin katako ana yi musu zanen zaki da dawisu da kirari a goshi. Da ya komo gida sai ya riƙe ƙa'ida guda: buroshinsa ba ya taɓa jikin motar da bai wanke da hannunsa ba. Masu mota da yawa ba su son wannan ƙa'ida. Sai ka ji mutum ya ce: «Malam, ai zare kawai na ce a ja mini, ban ce a yi wa motar wankan amarya ba.» Shi kuwa dattijon ba ya jayayya. Yakan ce: «Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, kawo hannunka.» Sai ya sa a shafa tafin hannu a kan murfin injin, a juyo shi. In motar ja ce hannun ya fito ja, in fara ce ya fito kamar an taɓa alli.

Wannan garin da ke biyo hannu mataccen fenti ne. Rana ce ta ci abin da ke riƙe launin, ta bar shi sako-sako a sama. Duk wanda ya ja zare a kansa, a kan ƙura ya ja, kuma ranar da ƙurar ta tafi da zaren za ta tafi. Jikin mota a Gaya yana shan wahala iri biyu da ba su cika haɗuwa a wuri guda ba. Nan ne aka fi samun ruwan sama a duk faɗin Nijar, wajen milimita 800 a shekara, ga laimar kogi da ta fadamu, saboda haka tsatsa na samun gindin zama a ƙarƙashin kowane ƙwarzane. In damina ta wuce kuma hunturu ya sauko da hazonsa, jar ƙasar hanya ta shiga kowane lungu, rana ta gasa rufin mota har hannu bai iya daɗewa a kansa. Motocin da aka riƙa kira «au revoir la France» a Nijar, ƴan Najeriya kuma na ce musu ƴan Kwatano, su da nasu ciwon suke tahowa: gishirin da ake barbaɗawa a hanyoyin Turai lokacin ƙanƙara, iskar teku tun daga tashar Anvers ta Beljik, zaman jiran mai saye a filayen Sekanji da ke bayan Kotonu, da ragowar gam na takardun da aka manna musu a kowace tasha.

Wankin farko ba shi da wata dabara sai haƙuri. Ana fara sheƙa ruwa ne kafin tsumma ya taɓa jiki, domin tsumman da aka goga a kan busasshiyar ƙura bai da bambanci da samfefa. A nan ne kaɗai dattijon ke yarda da garin sabulun wanki, wanda a sauran ranaku yake hana masu mota amfani da shi don yana dusar da fenti. Yau ana son ƙarfinsa, don ya kwashe maiƙo da tsohon kaki. Sa'an nan a bi ƙasan ƙofofi a cire ɗigon kwalta da ɗan kananzir, a bi rufi a cire kashin tsuntsu da ƙaron itace. In an gama sai yaron gida ya sa hannunsa cikin siririyar leda ya shafa jikin motar a hankali. Ledar na ƙara wa yatsa ji: wurin da ido ya rantse sumul yake, sai a ji shi da tsakuwa-tsakuwa kamar bayan kada.

Bayan haka sai binciken da masu sayar da mota suka fi ƙi. Dattijon na da wani mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar lasifika, ya naɗe shi da ƙyalle. Yakan bi da shi daidai inda zaren zai wuce. Inda ƙarfe ke kusa sai ya kama. Inda aka cika rami da mastik mai kauri, abin da mutanen Kamba ke kira fila, sai ya sake. Motar da aka ce ba ta taɓa haɗari ba sau da yawa a nan take faɗin gaskiyarta. Shi ba don tonon asiri yake yi ba. Dalilinsa shi ne miƙaƙƙen layi ba ya rufa wa ƙarfe asiri: ƙofar da aka buga aka gyara sama-sama tana iya ɓoye lanƙwasarta a cikin sheƙi, amma da zarar an ja zare a kanta ido zai ga layin ya yi tuntuɓe, ya hau ya sauka, kuma mai kallo ba zai zargi mai gyaran ƙarfe ba, hannun mai zare zai zarga. Saboda haka in ramin ya yi yawa sai ya mai da motar wurin tolye tukuna, ko ya sauya wa zaren hanya, ko ya ce a nemi wani.

Kankara ita ce wurin da ake ɓarna in ba a sani ba. Duk fentin da ke jikin motar da ta fito daga masana'anta, tun daga share fage har launi har berni, wato ruwan nan garai-garai da ke sama yana ba da ƙyalli, kaurinsa bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ko ya ɗan ɗara. Bernin kaɗai bai kai kaurin silin gashin kai ba. A cikin wannan ɗan abin ne mai guga ke aikinsa, kuma abin da ya kankare ba ya dawowa. Ya kamata tun farko ya san irin fentin da ke gabansa. In ya goga ɗan man guga a farin ƙyalle ya ga launin motar ya biyo, to fenti ne irin na da, mai hawa ɗaya, kamar na tsofaffin Peugeot 404 da 504 da suka cika hanyoyin nan, har da waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975. Irin wannan yana da haƙuri, ana cire mataccen sama a sami mai rai a ƙasa. In kuwa ƙyallen ya fito fari, akwai berni, kuma ranar da launi ya fara biyo ƙyalle a irin wannan mota, an riga an huda shi, sai dai sabon feshi.

Samfefar da ake amfani da ita ta ruwa ce, mai laushi, lamba 1500 ko 2000, bayan an jiƙa ta a bokiti da ɗan sabulu. Lambar na nuna laushi: gwargwadon girmanta gwargwadon ƙanƙantar yashin da ke jiki. Ba a riƙe ta da yatsu tsirara, don kowane yatsa na barin kwarinsa. A kan guntun roba ake naɗa ta, galibi tsohon silifa da aka yanke. Ana bi a miƙe, ana zuba ruwa, ana saurare, domin ƙwayar yashi guda in ta shiga tsakani kukanta ake fara ji kafin a ga aikinta. Bakin ƙofa da kan kowace kusurwa ba a zuwa musu da ƙarfi, can ne fenti ya fi siranta. Wannan samfefa ta ruwa ma tana da tarihinta. Kamfanin 3M na Amurka ne ya fito da ita a 1921, kuma masu fentin mota ne suka fara rungumarta, don ruwan na kwantar da ƙurar da ke shiga musu ƙirji. Wani ma'aikacin kamfanin, Richard Drew, da ya riƙa kai ta garejoji a birnin Saint Paul, ya ga yadda ake fama wajen raba launi biyu a jikin mota guda, shi ne ya ƙago tef ɗin takarda na rufe fenti a 1925. Kayan aiki biyu kenan da ke cikin akwatin kowane mai fenti a Gaya, ko ya san asalinsu ko bai sani ba.

In an gama kankara motar kan yi muni fiye da yadda ta zo, ta dushe kamar an shafe ta da toka. A wannan lokaci ne mai motar da ya leƙo kan riƙe baki. Sai man guga ya biyo baya, mai kaushi tukuna sa'an nan mai laushi, da injin hannu in akwai wuta, in babu da ƙyallen auduga da ƙarfin damtse. Ba a yin wannan a rana, don man na bushewa kafin ya yi aiki, injin kuma in ya daɗe a wuri guda yana ƙona fenti. Da sassafe ake yi, a inuwa, bayan an yayyafa wa ƙasar rumfar ruwa don kada ƙafa ta ta da ƙura. Dole kuma a gama guga kafin zare, domin injin da ya iya cin berni ba zai bar layin da bai kai kaurinsa ba.

Daga nan ne maganar ke zama abin mamaki ga wanda bai sani ba. Motar ta yi sheƙi, mutum na ganin fuskarsa a ƙofa, mai ita ya miƙe yana cewa a bisimilla. Shi kuwa dattijon sai ya ɗauko ƙyalle biyu da maganin cire maiƙo ya fara goge hanyar zaren, ɗaya jiƙaƙƙe ɗaya busasshe, kamar mai neman kashe ƙyallin da ya wahala a kansa. Dalili shi ne man guga na barin maiƙo, kakin da ake shafa wa mota kuma, musamman mai silikon a ciki, an yi shi ne don kada kome ya manne mata, ruwa ko ƙura. Fenti ma bai fita daga cikin wannan «kome» ba. In aka ja zare a kan kaki sai ya tsattsage, ya yi ƴan ramuka masu kama da idon kifi, ko ya kwanta lafiya yau ya ɓare bayan wanki uku. Gwajin kuwa mai sauƙi ne. A watsa ruwa: in ya dunƙule ya yi ƙwallaye yana gangarowa, abin da masu mota ke alfahari da shi, to akwai kaki. In ya shimfiɗu ya kwanta kamar mayafi, wurin ya tsarkaka. Daga wannan lokaci ko yatsa ba a yarda ya taɓa wurin ba, don gumin hannu ma maiƙo ne. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya, wanda yara ke saurin ɗaukowa don arha, ba ya wannan aiki, nasa maiƙon yake bari.

Akwai masu bin gajeriyar hanya, kuma ba su da wuyar samu. A wanke mota sama-sama, a shafe ta da tsumman da aka tsoma a gazuwal ko man inji, nan take matacciyar ja ta koma kamar jiya ta fito daga kwali. A kawo ledar ado mai gam, irin ta nadi da ake sayarwa a kasuwa, a manna ta daidai kan gaɓar da sabon feshi ya haɗu da tsoho, don idon mai saye ya tsaya a kan ado ya manta da bambancin launi. Kwana uku ƙura ta manne wa man, wata biyu bakin ledar ya fara tashi. A lokacin motar ta yi nisa, tana Dogon Dutsi ko Birnin Kebbi. Wannan ita ce illar sana'a a garin mashiga: wanda aka cuta ba ya dawowa ya yi ƙorafi, wanda aka yi wa aikin kirki shi ma ba ya dawowa ya yaba. Ita ledar ba laifinta ba ne. In an share mata wuri kamar yadda ake share wa fenti, ba a ja ta da ƙarfi wajen mannawa ba, tana shekaru. Sai dai mutanen da suka zaɓe ta don gudun jira ba su ne za su jira a share mata wuri ba.

A ƙasashen da aka ƙago mota ma an daɗe da sanin darajar wannan layi. Tun zamanin keken doki ake jan sa, kuma wani mai jan sa a wata masana'antar kekuna, Andrew Mack, shi ya kafa kamfanin yin buroshin wannan aiki a Jonesville ta jihar Michigan a 1891, buroshi mai dogon gashi da siffar takobi, na gashin jelar kurege. Kuregen da tatsuniya ta sani da wayo ashe jelarsa ce ta fi kowace riƙe fenti. A masana'antar Rolls-Royce da aka buɗe a Goodwood ta Ingila a 2003, mutum guda, Mark Court, wanda shi ma da rubutun alluna ya fara, ya shafe shekaru yana jan wannan layi da hannu. Aikinsa na zuwa ne a ƙarshe, bayan an gama feshi an gama guga, kuma fentin na kama jiki nan take, babu damar gogewa a sake. Bambancinsa da dattijon Gaya shi ne can wasu ne ke share masa fage a ɗaki mai tsabta, kuma kuɗin sharar na cikin kuɗin motar. A nan mutum guda ne da yaransa biyu ke yin duka, a rumfar da iska ke ratsawa, kuma mai mota zaren da ya gani kaɗai yake son biya.

Ko kwalliya na biyan kuɗin sabulu? Tambayar ta daɗe tana bin masu wannan sana'a. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga Turai, fenti da berni da samfefa, kuɗinsa ya tashi, ladan hannu kuwa bai bi shi ba. Daga 1 ga Janairu 2017 Najeriya ta hana shigar da motoci ta iyakokinta na ƙasa, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 kuma ta rufe iyakokin gaba ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, gadar kanta ta rufe, ɗaruruwan kamiyo suka yi layi a Malanville, mutane suka koma ƙetare kogi da kwalekwale. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024 Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilan tsaro, kaya suka riƙa zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya rage motocin da ke tsayawa a bakin rumfa. Abin da ya rage wa dattijon a waɗannan shekaru shi ne mutanen gari, masu motar haya da ƴan kabu-kabu da ke son a yi wa tankin babur ado. Su kuɗinsu kaɗan ne, amma suna da abin da baƙo bai da shi: gobe ma suna nan, kuma in zare ya ɓare sun san ƙofar da za su buga.

Yaran gida su ne abin dubawa. Yaro kan shekara biyu yana wanki da kankara kafin a bar shi ya riƙe buroshi, kuma ko a lokacin a kan tsohuwar ƙofa ko gilashi zai riƙa gwaji. Yana shaƙar tina da ƙurar mastik da ƙyalle kawai a hanci, a ba shi gwangwanin madara da yamma a ce tana wanke ƙirji, alhali madara ciki take zuwa, ƙurar kuwa huhu ta tafi. Yana kuma ganin tsaransa da ke manna leda ya gama mota uku kafin azahar. Ba kowane yaro ne ke jure wannan lissafi ba, kuma da wuya a ga laifin wanda ya tafi.

Jan zaren kansa ba shi da dogon labari. A manna tef a matsayin jagora, a ja da baya a duba shi daga gaba da kuma daga baya, ido a daidai tsayinsa. A sassauta fentin da ɗigon tina, a shafa buroshin a kan takarda mai santsi har ya ɗauki siffarsa. Sa'an nan dattijon ya ɗora ƙaramin yatsa a jikin mota, ya riƙe numfashi, ya yi ta tafiya da baya, ƙafa ce ke jan layin, hannu na tsaye wuri guda. Ba a yi masa magana. In ya kai fitilar baya sai ya zaga ɗaya gefen.

Mai motar zai ji sharuɗɗa kafin a ba shi makulli: ta kwana a rumfa, kada a wanke ta sai bayan mako, kada kaki ya hau zaren sai bayan wata, in kuma sabon feshi ne a ƙara haƙuri, don fenti na ci gaba da fitar da tina ko bayan ya bushe a hannu. Shi kuwa buroshin a wanke shi da tina sau biyu, a shafe gashinsa da mai don kada ragowar fenti ta daskare a gindinsa, a miƙar da shi a kwantar a cikin wani tsohon gwangwanin alawa mai murfi. Ranar da za a sake ɗauko shi, aikin farko na yaron gida shi ne ya wanke wannan man tas.